Harsashin da ya dace da zabon daji

Maharban talotalon daji a Amurka sukan zaɓi harsashi mai lamba 4 zuwa 6, su matse bakin bindiga domin ƙwayoyin dalma su tafi a dunƙule. Wannan lissafin ya fi amfanar mai farautar zabo da fakara a gonakin Kura da Bunkure, inda ruwan madatsar Tiga ke shayar da shinkafa, fiye da cika bindiga da albarushi. Wasu za su ce baki mai faɗi ya fi saurin samu. Gaskiya ne a kusa, amma daga nesa ƙwayoyin kan watse, su raunata tsuntsu ya tsere, sauran kuma su nufi manomin da ke ban-ruwa a kadadar gaba.