Aikin Tsara Talla: Daɗinsa da Wuyarsa

Duk wanda ya ratsa Unguwar Rogo a Sakkwato zai ga allunan shaguna, fastocin biki da na walimar sauka, ga kuma waƙoƙin talla suna tashi daga rediyon masu shayi. Mukan gani mu wuce, ba ma tambayar wa ya tsara su. Alhali sana'a ce sukutum, kuma masu son zane, waƙa ko iya magana a cikinmu suna iya cin abinci da ita.

A kamfanin tsara talla aiki a rabe yake. Akwai mai zama da ɗan kasuwa ya ji buƙatarsa, akwai mai ƙirƙiro kalmomi, da mai zane a kwamfuta, da mai ɗaukar bidiyo, da mai ɗora murya. Sana'ar ta daɗe a Najeriya, domin tun 1928 aka kafa West African Publicity, wanda daga baya ya zama Lintas. Har yau manyan kamfanonin a Legas suke. A nan kuwa yawanci ƙananan ofisoshi ne, inda mutum ɗaya kan haɗa aikin mutum uku.

Daɗin aikin shi ne ka ji yara a layi suna rera abin da ka tsara. Ga shi kuma ƙofa ta ƙara buɗewa: daga 1 ga Oktoba 2022, hukumar kula da tallace-tallace ta ƙasa, ARCON, ta hana amfani da fuskoki da muryoyin 'yan ƙasashen waje a tallan da ake yi wa 'yan Najeriya. Mu da muka tashi da Hausa muna da jari babba. Tallan da aka juyo daga Turanci kalma bayan kalma, kunnen mai saye yana gane shi nan take.

Wuyar fa? Sai ka kwana kana aiki, da safe mai kaya ya ce launin bai yi masa ba, a sake. Wani ya karɓi aiki, cikon kuɗin sai an yi ta zarya. Gab da Sallah ko zaɓe aiki ya hana ka barci, bayan nan kasuwa ta yi shiru. Ga ɗauke wuta da tsadar man janareta. Kuma ko tallan ya yi fice, sunan kayan ake sani, ba naka ba.

Mafi nauyi shi ne gaskiya. Mai magani zai zo da kuɗi a hannu yana son a ce maganinsa na warkar da kowace cuta. Doka ta ce sai NAFDAC ta amince kafin a tallata magani, kuma wanda zai saya wataƙila maƙwabcinmu ne. Mai tsara talla na kirki yana iya cewa a'a.

Ga mai sha'awa, shiri daga aji yake farawa. Mu riƙe darasin Hausa da na Turanci da kyau, mu shiga ƙungiyar muhawara ko ta 'yan jarida ta makaranta, mu gwada zane a waya da manhajar Canva. Ana karanta aikin jarida da sadarwa a Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Umaru Ali Shinkafi da Jami'ar Bayero ta Kano. Mu riƙa adana duk abin da muka tsara, domin shi ake fara tambaya kafin takarda. Ranar da aikin kuɗi na farko ya zo kuma, a karɓi kafin alƙalami.