Filayen Ƙwallon Doki Da Suka Isa A Je Gani

Ya ku malamai da fatake na Yola da sauran ƙasar Ƙaraye da Rogo, ku sani ƙwallon doki, watau folo, ba Turawa suka ƙago ta ba. Wasan mutanen Farisa ne, Larabawa suna ce masa saulajan, har halifofin Abbasiyawa sun yi shi. Sarkin Dilli, Ƙuɗubuddini Aibak, a cikinsa ya fāɗo daga kan doki ya rasu a Lahor cikin 1210. A Indiya Ingilishi suka koya, sa'an nan suka zo mana da shi.

To, wanda ya ke so ya ga filayen wasan nan, ya bari sai damina ta ɗauke. Ya bi ta Gwarzo ya shiga Kano, ya nufi Bompai. Nan ne zai fara gane yadda a ke yi. Mahaya huɗu su ke karawa da huɗu, tsawon fili yadi 300, tsakanin turakun gida yadi 8. Kowane zagaye minti 7 ne, daga nan a sake doki, domin gudun ya fi ƙarfin doki ɗaya. Ba a riƙe sanda sai da hannun dama, ko da mutum bahago ne.

Amma in zango ɗaya kaɗai guzurinka zai kai, to, ka yi Katsina, kamar kilomita 170 daga Kano. A ganina can ne wasan ya tashi daga hannun baƙi ya zama namu. Sarkin Katsina Muhammadu Dikko, wanda ya yi mulki daga 1906 zuwa 1944, ya je Ingila da Makka cikin 1921, shi ne kuwa ya dasa folo a gidan sarauta, ya sa 'ya'yansa suka koya. Ɗansa Usman Nagogo, Sarki daga 1944 zuwa 1981, ya gwanance har aka ba shi daraja ta 7, alhali kuwa ma'aunin duk duniya a 10 ya tsaya. Janar Hassan Usman Katsina ma ya gaji mahaifinsa a kan sirdi. Fatake, ku dubi dawakin da kyau: akwai na ƙasa, akwai na Sudan, akwai waɗanda a ke kawowa tun daga Ajantina, kuɗinsu ba a magana.

Daga Katsina kada gajeriyar hanya ta ruɗe ka. Hanyar Funtuwa ta sha fama da 'yan bindiga a shekarun nan, saboda haka ka tambayi direbobin tasha kafin ka shiga, ko ka komo ta Kano. Kada ka yi tafiyar dare.

Zariya tana da nata fili, a tsaya a gani, a wuce Kaduna, kamar kilomita 80. Can a ke gasar kofin Jojiyan, wanda ya samo asali tun 1919, babu kuwa kofin da 'yan folon ƙasar nan su ke kwaɗayi kamarsa.

Saura tambayar da malamai za su yi. Malamanmu na Malikiyya sun halatta a sa lada a tseren dawaki da na raƙuma da harbin kibiya, bisa sharuɗɗa, domin horo ne na hawa da jarunta. Amma 'yan kallo biyu su zuba kuɗi a kan wanda zai ci, wannan caca ce, ba ta shiga cikin rangwamen ba. Sa'an nan galibi da yamma a ke buga wasan, lalle mai zuwa ya sallaci La'asar tukuna, kada kallo ya cinye masa lokaci.

Mai komowa daga Zariya ba sai ya zagaya ta Kano ba, gama Rogo iyaka ta ke da ƙasar Zazzau. Ya tashi da sassafe, ya iso gida da sauran rana.