Man da Ya Kwana Biyu a Tanki

Akwai wani maƙwabcina, tsohon malamin gona, wanda ya shafe shekaru yana ratsa ƙauyuka da fadamu a kan babur ɗin nan mai dogayen ƙafafu da tayoyi masu haƙora, Yamaha AG100, wanda tun 1973 aka ƙera shi domin gonakin Ostareliya, daga baya ya zama abin hawan malaman gona da malaman asibiti a karkarar Afirka. Da ciwo ya kwantar da shi wata bakwai, sai babur ɗin ya zauna a zaure lulluɓe da tsohuwar tabarma, da sauran mai wajen rabin tanki a cikinsa. Ran da Allah ya ba shi sauƙi ya fito da shi, ya yi ta buga kik har gumi ya jiƙa masa taguwa, yara suka taru suka tura shi tun daga ƙofar masallaci har gindin durumi, amma injin bai ce uffan ba, illa tari ɗaya ko biyu da ya yi, ya koma ya yi tsit. Malam ya zargi fulogi, ya sayo sabo, ba ta canza zani ba, har ya soma tunanin ko baki ne ya kama abin hawan nasa. Bakaniken da aka kira kuwa bai taɓa sifana ba tukuna, sai ya buɗe murfin tanki, ya kai hanci, ya ɗago ya ce, “Baba Malam, ai man nan ya mutu.” Malam ya ce, “Subhanallahi! Fetur ne fa, ɗana, ba nono ba.”

Amsar nan ta Malam ita ce ra'ayin galibinmu, domin mun ɗauki fetur tamkar gishiri ko kanwa, abin da akan ajiye shekara da shekaru a ɗauko shi yadda aka bar shi, alhali kuwa a wajen saurin lalacewa ya fi kusa da nonon da Malam ya ambata. Haƙiƙanin al'amari, fetur ba abu guda ba ne, gauraye ne na sinadarai fiye da ɗari waɗanda aka tace daga ɗanyen mai, wasunsu masu nauyi, ba sa tafasa sai zafi ya kusa digiri 200, wasu kuwa marasa nauyi ƙwarai, har akwai wanda yake tafasa a digiri 36, watau ƙasa da zafin da ake yi a inuwa a Sakkwato ko Maiduguri cikin watan Afrilu. Waɗannan marasa nauyi su ne ruhin man, su ne suke fara kama wuta da safe sa'ad da injin yake da sanyi. Kuma da yake kowane tanki yana da 'yar kafar shan iska, wadda in babu ita man ba zai sauka ba, to ta nan suke sulalewa kullum rana, kaɗan-kaɗan, har a wayi gari abin da ya rage yana da surar fetur amma babu kuzarinsa.

Da a nan ɓarnar ta tsaya, da da sauƙi. Amma iskar da take shiga tanki tana cuɗanya da abin da ya rage, tana sake masa ɗabi'a sannu a hankali, har ya fara fid da wani danƙo mai kama da ƙaro, ja-ja, mai wari irin na tsohon fenti. Shi kuwa danƙon nan ba ya zaɓar wurin zama sai inda ya fi ƙunci, watau cikin kafireta, inda mai yake bi ta wasu ƙofofin tagulla da kanikawa ke kira jet, waɗanda ƙaramar cikinsu faɗinta bai kai rabin milimita ba. Idan ta toshe, babur ba ya tashi sai an ja cok, in ya tashi ba ya tsayawa da kansa, da an saki totur sai ya mutu.

Ga kuma ruwa. Tanki mai rabin mai rabinsa iska ne, iskar damina kuwa ɗauke take da laima, wadda idan dare ya yi ƙarfe ya huce takan taru a jikin tanki kamar raɓa, ta gangara. Da yake kuma litar fetur nauyinta wajen kashi uku cikin huɗu ne na litar ruwa, sai ruwan ya nutse ya kwanta a ƙasa, ya shiga cin ƙarfe. A Amurka, inda galibin fetur ɗin da ake sayarwa kashi 10 cikin 100 nasa sinadarin itanol ne, mas'alar ta fi tsanani, gama itanol yana jan laima, idan ya ƙoshi sai ya rabu da fetur, shi da ruwan su kwanta tare a gindin tanki. Mu kuma namu ciwon daban ne: man da aka saya a kwalba ko galan a hannun 'yan bumburutu, waɗanda 'yan'uwanmu na Nijar ke ce wa sana'arsu ruwa-ruwa, Allah kaɗai ya san jarka nawa ya kwana a ciki kafin ya iso tankinka.

Kamfanonin mai da kansu sun ƙiyasta cewa fetur da ke cikin mazubi rufaffe ƙam, a inuwa, yakan kai shekara, amma wanda ke cikin tankin inji daga wata guda yake fara raguwa, kuma gwargwadon zafin wuri gwargwadon saurin lalacewarsa. Sababan da ke sa a jingine babur wata da watanni kuwa ba su da wuyar samu a ƙasashenmu. An hana hawa babur a Maiduguri a 2011, an hana acaɓa a Kano a watan Janairu na 2013 bayan harin da aka kai wa Sarki Alhaji Ado Bayero, an yi irin wannan hani a Diffa a 2015. Ga ciwo, ga doguwar tafiya, ga cin rani. Tun kuma daga 29 ga Mayu 2023, ranar da aka janye tallafin mai, lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 ta haura 500 a Arewa cikin 'yan kwanaki, mutane suka ƙara jingine abin hawa, suka kuma ƙara ganin ƙyashin zubar da ko da cokali guda. Ban ga laifinsu ba, almubazzaranci abin ƙi ne. Amma rowar lita uku da za ta jawo wankin kafireta da sayen sabon tanki, ai neman gira ne a rasa ido.

Duk wanda ya zauna gaban malami ya karanta babin tsarki ya san cewa fuƙaha'u suna hukunta ruwa da siffofi uku, launinsa da ƙamshinsa da ɗanɗanonsa, idan ɗayansu ya jirkita to hukuncin ruwan ya jirkita. Haka ake hukunta fetur, sai dai a nan shaidu biyu sun wadatar, na ukun kuwa, watau ɗanɗano, ba a kiransa ko kusa. A tsiyayi kaɗan cikin kwalba mai haske, a ajiye ta kusa da wata mai sabon mai, a ba su 'yan mintoci. Idan tsohon ya yi duhu kamar shayin da ya daɗe a buta, ko ya yi gurɓi-gurɓi, ko warinsa ya koma tsami-tsami, ko aka ga wani layi a ƙasa ya rabu da na sama, ko garin tsatsa ya kwanta, to shari'a ta ƙare, sai tsiyaya.

Kafin a sa hannu, wajibi ne a fitar da babur fili inda iska ke kaɗawa, a bar injin ya huce sarai, a nisanci murhu da fitila da sigari da janareta mai aiki, a kuma kori yara, waɗanda ba su taɓa ganin ana kwance abu sun wuce ba. Dalili shi ne ba ruwan man ne yake kama wuta ba, tururinsa ne, shi kuwa ya fi iska nauyi ninki uku zuwa huɗu, saboda haka ba ya tashi sama, sai ya bi ƙasa yana rarrafe kamar maciji, ya tarar da garwashi a can nesa, wutar ta biyo sawunsa ta dawo. Kashi biyu cikin ɗari na iskar ɗaki ya ishe shi ya kama wuta. Wannan ne ma ya sa tankin da aka tsiyaye ya fi cikakke haɗari a hannun mai walda.

Aikin kansa ba shi da wuya. A ƙarƙashin tanki akwai ɗan famfon mai, mai matsayi uku, rufe da buɗe da rizab. A rufe shi, a zare tiyon da ya tafi kafireta daga can ƙarshensa na ƙasa, a zura shi cikin jarkar da aka ajiye a ƙasa, a sassauta murfin tanki domin iska ta shiga, sa'an nan a murɗa famfon zuwa rizab. Hikimar zaɓen rizab ita ce, matsayin buɗe yana shan mai ne ta wani ɗan bututu mai tsayi a cikin tanki, ya bar na ƙasa, rizab kuwa daga gindi yake sha, inda ruwa da laka suke. Da ya daina zuba kada a ce an gama, domin tankin babur zaune yake a kan ƙashin bayan babur kamar mangala a bayan jaki, aljihu biyu dama da hagu, famfon kuwa a ɗaya yake. Sai an karkata babur ɗin sosai wajen famfon kafin na ɗaya aljihun ya ƙetaro. Wanda yake son aiki mai tsabta ya cire sirdi, ya kwance notunan da suka riƙe tankin, ya sauke shi, ya zuba masa kofi guda na sabon fetur, ya girgiza, ya kife, ya maimaita har abin da ke fitowa ya yi fari. Kada a wanke da ruwa. A cire famfon a duba 'yar rariyar da ke kansa, a kuma lanƙwasa tiyon a gani, in ya bushe ya tsage a sake shi. Baburan tsere na zamani, waɗanda tankinsu na roba ne, sun huta da tsatsa. Waɗanda kuma aka daina yi musu kafireta aka sa musu famfon lantarki cikin tanki, ba su da wannan famfo na hannu, kuma man da ke tiyonsu a matse yake, yana iya feshi a ido, don haka su sai a zuƙe ta sama da famfon hannu na roba, ko a kai wa wanda ya san su.

Na ce famfon hannu, ban ce baki ba. Al'adar nan ta zura tiyo a tsotsa ta zama ruwan dare a tashoshi da garejoji, har ana ganinta kamar gwaninta, alhali ɗan abin da ya kuskure ya bi maƙogwaron iska ya isa huhu yakan ƙone shi, ya haddasa ciwon huhu mai tsanani wanda wani lokaci ba ya bayyana sai bayan sa'o'i. Idan tsautsayi ya sa wani ya haɗiya, babba ko yaro, kada a sa shi amai, kada a ɗura masa manja ko madara kamar yadda aka saba, gama aman ne yake tura man cikin huhu. A cire masa rigar da ta jiƙe, a garzaya da shi asibiti.

Wanda ya tsiyaye tanki ya bar kafireta ya rufe ƙofa da ɓarawo a ciki, kuma nan ne mafi yawan masu yi da kansu suke tuntuɓe, su zuba sabon mai, babur ya ƙi tashi, su ce maganar banza ce. A gindin kafireta akwai ɗan ƙoƙo da mai yake taruwa a ciki, a jikinsa akwai sukuru guda na tsiyaya. A tara gwangwani, a sassauta shi, a bar man ya fita, a buɗe famfo sabon mai ya bi ta ciki ya ɗauraye, sa'an nan a ɗaure. In duk da haka injin bai daidaita ba, danƙo ya riga ya kama, sai an sauke ƙoƙon an kwance jet an wanke da maganin wankin kafireta an hure da iska. Kada a yarda a zura musu allura ko waya, tagulla taushi gare ta, ƙofar da aka yi da awo in ta faɗaɗa ba ta komawa, babur ya dinga shan mai yana baƙanta fulogi har abada. Na maƙwabcina haka aka yi masa, aka sami ƙoƙon ya yi kore kamar gansakuka, kafin la'asar kuwa ya hau abinsa.

Saura man da aka tsiyaye. Idan rauni kawai ya yi, babu ruwa babu danƙo, kanikawa sukan tace shi da tsumma mai tsabta su riƙa sa kaɗan cikin sabo mai yawa har ya ƙare. Idan ya lalace sarai, a Ingila da Amurka hukumomin gari suna da wuraren karɓar irinsa. Mu da ba mu da su, abin da ya fi shi ne a rufe shi a jarka a miƙa wa masu gareji. Zuba shi a kwata ko kusa da rijiya cutar da maƙwabci ne, wanda shari'a ta hana. Zuba shi a masai don kashe kyankyasai ajiye nakiya ne ga wanda zai shiga da fitila. Hura wuta da shi ko gauraya shi da kananzir kuwa ya sha ƙone gidaje da mutanen cikinsu. Kada kuma a ajiye shi a gorar ruwa ko kwalbar lemo inda yaro mai ƙishirwa zai iya kaiwa.

Kai mai karatu, in ka san tafiya ko wata lalura za ta raba ka da babur ɗinka fiye da wata guda, to ran da za ka jingine shi ka rufe famfon mai tun injin yana aiki, ka bar shi ya shanye na cikin kafireta har ya mutu don kansa, ka tsiyaye sauran da ke ƙoƙon, sa'an nan ka juye na tankin tun yana da ransa ka ba wanda zai ƙona shi a makon nan. In tankin na ƙarfe ne, ka zuba masa cokali biyu na baƙin mai mai tsabta, ka jujjuya shi ya shafe cikinsa, ka rufe murfin ka ajiye shi a inuwa.