Ana Karatu, Amma Wa Ke Ajiye Littafin?

Tun da manhajar littattafai ta OkadaBooks ta rufe a ƙarshen Nuwamban 2023, na daina haƙuri da ƙorafin da aka saba yi a tarukan marubuta, wai matasa sun guji karatu. Suna karatu, har ma fiye da da. Leƙa wayar wata budurwa a Kano ko Maraɗi, za ka tarar da labarai jere a WhatsApp da Wattpad. Abin da ke mutuwa shi ne sha'awar mallakar littafi, a saya, a rubuta suna a bango, a adana. Laifin kuwa na kasuwa ne kafin ya zama na makaranta.

A shekarun 1990, lokacin da In Da So Da Ƙauna na Ado Ahmad Gidan Dabino da Allura Cikin Ruwa na Bilkisu Funtuwa ke tashe, littafi abu ne da ɗalibi ke iya saya da ragowar kuɗin tara. Marubuci ya biya maɗaba'a, ya kai wa dillalai a Kano, su kuma su watsa shi har Nijar. Ana fitar da labari kashi-kashi, na ɗaya, na biyu, na uku, kuma wanda ya sayi na ɗaya ba ya samun sukuni sai ya haɗa sauran. Ta haka mata da yawa suka wayi gari da adaka cike da littattafai ba tare da sun ƙudurta tarawa ba.

Arhar takarda ce ta riƙe wannan tsari duka. Amma masana'antun takarda na Oku-Iboku da Iwopin sun daɗe da durƙushewa, saboda haka kusan duk abin da ake bugu a kai daga waje ake shigo da shi. Da aka saki naira a Yunin 2023, dala ta tashi daga ƙasa da naira 500 a farashin gwamnati zuwa sama da 1,500 a 2024. Kasuwar da ma ta riga ta yi rauni, ga dillalai da marubuta suka daɗe suna kukan ba sa biya a kan lokaci. Wa zai zuba jarinsa a bugu, alhali yana iya buɗe zaure a waya, ya rubuta cewa littafin na kuɗi ne, a turo masa kafin a karanta?

Masu kare waya suna da hujja, ba a musu. Matar aure da ba ta san ƙofar maɗaba'a ba yanzu tana da masu bibiyarta, kuma babu dillali tsakaninta da kuɗinta. Sai dai labarin nata yana rataye ne a wayar da za ta iya faɗawa ruwa, ko a manhajar da mai ita zai rufe ranar da lissafi ya ƙi.

Wannan ce babbar asarar. Magana Jari Ce ya rayu saboda yana da kamfani a bayansa, NNPC ta Zariya, da ke sake buga shi. Adabin kasuwar Kano ba shi da wannan gata. Masu tarawa ne kaɗai taskarsa. Abin kunya ne a ce ɗaya daga cikin manyan tarin waɗannan littattafai yana makarantar SOAS a Landan, inda Graham Furniss ya tattara su, yayin da mu a Kano aka cinna wa wasu wuta a 2007. Al'ummar da ta gaji malamai irin su Waziri Junaidu, wanda tarin littattafansa ya zama madogarar masu binciken tarihin Sakkwato, bai kamata ta bar wa gara wannan aiki ba.

Jami'o'in Bayero da Ahmadu Bello da Usmanu Danfodiyo su nemi masu adakokin nan su saya tun kafin a raba gado. Marubutan waya kuma, ko kwafi goma ne, ku buga ku ajiye.