Amsoshin Takardunku: Katin Hoto Ɗaya Ko Biyu, Wanne Ya Fi Riba?

 Takardar da muka zaɓo a wannan mako ta fito ne daga wani mai sauraronmu, manomin riɗi kuma ɗan kasuwa a ƙasar Haɗeja. Bayan gaisuwa da fatan alheri, ya ce bana Allah ya sa ya sami amfanin gona, kuma yana son ya buɗe wa ɗansa shagon wasan kwamfuta a bakin kasuwa, irin wanda samari ke biyan kuɗi su buga ƙwallo a allo. Da yaron ya je birni tambayar farashi, sai wani mai sayar da kayan kwamfuta na hannu ya ba shi shawara wai kada ya sayi katin hoto ɗaya mai tsada, ya sayi tsofaffi guda biyu ƙirar GTX 970 a haɗa su cikin kwamfuta ɗaya, don ai hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Shi ne Malam yake tambaya: wanne ya fi riba, ɗaya ko biyu?

To Malam, mun gode da wannan takarda, Allah ya sa albarka a abin da aka noma. Amsarka a taƙaice ita ce: sayi ɗaya mai kyau. Amma tunda kuɗin guminka ne na damina guda, bai kamata mu bar ka da amsa babu dalili ba. Sai ka gyara zama.

Da farko dai, mene ne katin hoto? Wani ɗan allo ne da ake sokawa a cikin akwatin kwamfuta, yana da ƙwaƙwalwarsa da fankarsa, kuma aikinsa shi ne zana duk abin da ido ke gani a fuskar talabijin ɗin kwamfutar. Motsin da kake gani a wasa, ɗan ƙwallo yana gudu ko mota tana shan kwana, ba motsi ba ne na gaskiya. Hotuna ne tsayayyu ake jero su da sauri har ido ya ruɗe. Idan katin na iya zana hoto 60 a cikin daƙiƙa ɗaya, sai wasan ya tafi sumul. Idan ya gaza 30, sai ka ga 'yan wasa suna tafiya kamar mai ɗingishi, yara kuwa su tashi su koma shagon maƙwabci. Kamfanonin da suka fi shahara wajen ƙera ƙwaƙwalwar waɗannan katuna su ne Nvidia da AMD, dukkansu a Amurka, sai kuma Intel da ya shigo kasuwar daga baya.

Maganar haɗa kati biyu kuwa, ba ƙarya mai shagon ya ƙaga ba, tana da asali. A shekarar 1998 wani kamfanin Amurka mai suna 3dfx ya fito da kati mai suna Voodoo2, wanda ake iya haɗa biyu su yi aiki tare. Yadda suke yi shi ne su raba layukan hoton kamar yadda manoma biyu ke raba kunya a gona: wannan ya ɗauki ta farko, wancan ta biyu, wannan ta uku, har a kai ƙarshe. Wannan dabara ita aka laƙaba wa suna SLI. Kamfanin 3dfx ya karye, Nvidia ya saye kadarorinsa a ƙarshen 2000, sa'an nan a 2004 ya farfaɗo da sunan SLI da sabuwar dabara. Abokin hamayyarsa ATI, wanda AMD ya saye a 2006, shi ma ya fito da nasa a 2005 mai suna CrossFire. Aka yi shekara goma da wani abu ana yayin wannan haɗi, har masu hannu da shuni suna jera kati uku ko huɗu a kwamfuta ɗaya.

A sabuwar dabarar, galibi ba layuka ake rabawa ba, hotuna ake rabawa. Kati na farko ya zana hoto ɗaya, na biyu ya zana mai bi masa, haka dai bi da bi, kamar mata biyu suna lugude a turmi guda. A lissafin baki sai a ce aiki ya ninka. To amma a aikace akwai cikas guda huɗu, kuma su ne mai shagon bai faɗa wa yaronka ba.

Cikas na farko shi ne, ba kowane wasa ne ya san da zaman kati na biyu ba. Sai an yi wa kowane wasa shiri na musamman a cikin manhajar da ke tuƙa katin, wadda masu gyara ke ce wa direba. Wasan da aka yi wa shirin, za a ga ƙari, amma da wuya ƙarin ya kai ninki biyu cif. Wanda ba a yi wa ba kuwa, kati ɗaya ne zai yi ta fama, ɗan'uwansa na zaune yana shan wuta a banza. Ka biya lada biyu, mutum ɗaya ya yi maka aikin.

Na biyu, ma'ajiyar katunan ba ta haɗuwa. Kowane kati yana da wurin da yake ajiye kayan zanensa, ana auna shi da gigabayit. GTX 970 yana da gigabayit 4. Mai saye zai ɗauka huɗu da huɗu takwas ke nan, amma ba haka abin yake ba. Tunda kowanne zai zana cikakken hoto, dole kowanne ya riƙe kwafin abin da ɗan'uwansa ya riƙe. Misalinsa kamar ɗan kasuwa ne da ya sayi littafin bashi biyu, amma duk abin da ya rubuta a wannan sai ya sake rubuta shi a wancan. Littafi biyu ne a hannunsa, amma shafukan ɗaya yake mora. Saboda haka wasan da ke neman gigabayit 8 ba zai wadatu da su ba, ko da an jera guda uku.

Na uku shi ne sarƙewa. Duk wanda ya taɓa sauraron lugude ya san daɗinsa na ga daidaiton saukar taɓarya. Idan ɗaya ta yi jinkiri, ɗaya ta yi gaggawa, ko da yawan bugun bai ragu ba, kunne zai ji an ɓata. Haka kati biyu suke yi sau da yawa: hotuna biyu su fito kusa da kusa, sai a ɗan dakata, sai wasu biyu su fito. Na'urar ƙidaya za ta nuna adadi mai yawa, amma idon mai wasa yana ganin hoton na ɗan tsaitsayawa. Wannan matsala ta daɗe tana damun masu wannan haɗi, kuma tana cikin abubuwan da suka sa mutane suka dawo daga rakiyarsa.

Na huɗu, wanda ya fi shafar aljihunka, shi ne wuta da zafi. Bisa ƙiyasin kamfanin, GTX 970 da ya fito a 2014 yana jan wat 145 idan yana aiki da iyakar ƙarfinsa. Biyu sun zama wat 290. Shi kuwa RTX 4060 da ya fito a 2023, wat 115 yake ja, yana da gigabayit 8, kuma shi kaɗai ya fi waɗancan biyun ƙarfi. Bambancin wat 175 ne. Idan shago ya yi awa 10 yana aiki a yini, hakan ya kama yunit ɗaya da kashi uku bisa huɗu a mita, watau fiye da yunit 52 a wata. Wannan idan akwai wutar gwamnati ke nan. Idan da janareto ake aiki, kowa ya san yadda kuɗin fetur ya tashi tun da aka janye tallafi a watan Mayun 2023. Idan kuma da hasken rana ne, sai ka ƙara faranti da batir. Bugu da ƙari, duk wutar da kati ya sha, zafi take komawa. Kati biyu a matse cikin akwati ɗaya, na sama yana shaƙar hucin na ƙasa, ga zafin bazara a shagon kwano, ga ƙurar hunturu tana toshe fanka, ai ka san ba za a kwashe lafiya ba.

Kazalika akwai kuɗin da ba a ambata a wurin ciniki. Ba kowane babban allon kwamfuta ne ke karɓar haɗin SLI ba, sai mai rami biyu wanda aka yi shi don haka, kuma ya fi tsada. Sai an sami 'yar gadar da ke haɗa kawunan katunan, wadda take kamar karkiya a wuyan shanun huɗa. Sai an sayi babban akwatin raba wuta. Kuma kamar yadda ba a ɗaura wa bijimi da maraƙi karkiya ɗaya, dole katunan su zama ƙira ɗaya. In ka tara waɗannan duka, sai ka ga arahar ta gudu.

To, ko da mutum ya ce ya ji ya gani, akwai magana mafi girma: su kansu masu ƙera katunan sun yi watsi da wannan hanya. A 2016 Nvidia ya fitar da GTX 1060 babu wurin saka gada ko kaɗan. A 2017 AMD ya daina amfani da sunan CrossFire a sababbin katunansa. A jerin katunan RTX 30 da suka fara fitowa a 2020, mafi tsada ne kawai, watau RTX 3090 da ƙaninsa 3090 Ti, aka bar wa wurin haɗi. Daga ranar 1 ga Janairun 2021 Nvidia ya daina yi wa sababbin wasanni shirin SLI a cikin direbansa, ya bar wa masu ƙirƙirar wasa su yi da kansu in sun ga dama, kuma kaɗan ne ƙwarai suka yi, domin wahala ce mai yawa saboda masu saye 'yan ƙalilan. Da RTX 4090 ya fito a 2022, shi ma ba shi da wurin haɗin. Har wa yau, a 2025 kamfanin ya sanar da daina gyara direban tsofaffin katuna irin su GTX 970 domin sababbin wasanni, sai dai gyaran tsaro kawai. Ashe ka ga shawarar da aka ba yaronka ta shekara goma da suka wuce ce.

Wataƙila wani zai ce ya taɓa ganin hoton na'ura mai kati shida ko takwas a jere. Gaskiya ne, amma ba don wasa ba. Masu haƙar kuɗin intanet ne suka yi ta yin haka, da masu haɗa finafinai, da masu aikin ƙirƙirarriyar basira, domin irin aikinsu yana rabuwa kashi-kashi, kowane kati ya ɗauki nasa ba tare da jiran wani ba. Kuma a nan akwai abin lura ga mai sayen na hannu. A watan Satumban 2022 tsarin kuɗin Ethereum ya daina amfani da haƙa, sai masu haƙar suka yi ta zubar da katunansu a kasuwannin duniya. Da yawa daga cikinsu sun yi shekaru suna aiki dare da rana ba hutu.

Yanzu ga shawararmu, Malam. Fara da tambayar wane wasa yaran garinku suke so. In ƙwallo ce, ba ta bukatar kati mai tsadar gaske. Alal misali, wasan EA Sports FC 24 na 2023, wanda a da ake kira FIFA, masu shi sun ce mafi ƙarancin katin da zai ɗauke shi shi ne GTX 1050 Ti ko RX 570, wanda suka fi so kuwa GTX 1660 ko RX 5600 XT. Duk waɗannan matsakaita ne. Saboda haka nemi kati ɗaya, mafi sabunta da kuɗinka zai iya, mai gigabayit 6 ko 8, mai ƙarancin shan wuta. Ragowar kuɗin ka sa a na'urar daidaita wuta da fanka mai kyau, domin hawa da saukar wuta na kashe kwamfuta.

Idan kuma kuɗin ya isa kati biyu, to yi lissafin ɗan kasuwa. Kati biyu a kwamfuta ɗaya, kujerar ciniki ɗaya ce. Kati biyu a kwamfuta biyu, kujeru biyu ne, kuɗin shiga biyu, kuma ranar da ɗaya ta lalace ba a rufe shago ba. Ko da a ce an riga an sayi GTX 970 ɗin nan guda biyu, kada a haɗa su. Kowanne shi kaɗai ya fi GTX 1050 Ti ƙarfi, don haka a raba su, a tara kuɗi a hankali a haɗa kwamfuta ta biyu. Kuma kafin ka yanke shawara, ka tambayi farashin na'urar PlayStation, wadda yawancin shagunan wasa ke amfani da ita, tunda ita a haɗe take zuwa, ba ruwanka da zaɓen kati.

Daga ƙarshe, in na hannu za a saya, kada yaron ya biya sai an kunna katin a gabansa, an sa wasa ya yi kamar rabin awa. Ya duba ko fankokin na juyawa ba ƙara, ko hoton na fitar da ɗigo-ɗigo ko layuka masu launi, ko kwamfutar na mutuwa da kanta. Ya sa a nuna masa sunan katin a fuskar kwamfutar, kada ya dogara da rubutun kwali. Ya karɓi rasit, a kuma yi yarjejeniyar kwanakin da zai iya mayarwa, a gaban shaida. Ya tafi da wanda ya san kan abin, ko da za a biya shi kuɗin mota da na abinci, domin wannan kuɗi ne kaɗan a kan abin da za a iya asara.

Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, wannan gaskiya ne, amma Hausawa sun kuma ce ba a tauna taura biyu a baki ɗaya. Da fatan Malam ya gamsu, Allah ya ba yaro sa'ar sana'a, ya kuma sa ya riƙa korar 'yan makaranta daga shagon a lokacin karatu.