Makirufo Biyu, Jita Ɗaya

Duk wanda ya taɓa zama kusa da mai kaɗa jitar katako, wadda ba a jona ta da lantarki, ya san sautinta ba daga wuri ɗaya yake fitowa ba. Ka kara kunne a bakin ramin da ke cikinta, ka ji kauri kamar na ganga. Ka matsa wajen wuya, ka ji zaƙin tsirkiya da motsin yatsu. Ka koma bayan jaki, inda tsirkiyoyin suka dire, ka ji amon katakon kansa. Makirufo ɗaya gefe guda kawai yake kamawa, shi ya sa ake sa biyu, ɗaya ya tafi kunnen hagu, ɗaya kunnen dama.

A Katsina, kamar a Kano, yawancin ƙananan sitidiyo da matasa ke buɗewa a gida da fiyano da kwamfuta suke haɗa kiɗa, a manhajar FL Studio ko Cubase, makirufo kuwa na murya ne kawai. Don haka ranar da mai jita ko mai gurmi ya shigo, sai a rasa ta inda za a ɓullo wa aikin. Kayan ba su da yawa: makirufo biyu masu saurin ji, irin waɗanda ake kira kondensa, gara su zama iri ɗaya, da akwatin shigar da sauti mai ƙofa biyu kamar Focusrite Scarlett 2i2, wanda zai ba su wutar bolt 48 da suke bukata.

Amma ɗaki ake fara gyarawa. Kondensa ba ya zaɓe: fanka, janaretan maƙwabci, Keke Napep da ya ratso ta Ƙofar Kaura, duk zai kwashe. A kashe fanka, a daure wa zafin na 'yan mintoci, kuma in da hali a bari sai bayan sallar isha'i. Ɗakin siminti mai tayil da gilashi yana mayar da amo, sai a shimfiɗa darduma, a jingina katifa a bangon da ke fuskantar makaɗi, a saki labule. Wanda yake da tsohon soron ƙasa a cikin birni, wajen Gobarau ko Ƙofar Soro, ya riƙe shi da kyau, domin kaurin bangonsa yana tare hayaniyar waje fiye da bulo mai rami.

Hanya mafi aminci ita ce a haɗa kawunan makirufo biyun wuri ɗaya, ɗaya a kan ɗaya, suna gicciye a kusurwar digiri 90, a nisan kamar santimita 30 daga jita, daura da ƙarfe na 12 a wuyanta. Ana kiran wannan tsari XY, kuma tushensa yana cikin aikin Alan Blumlein, injiniyan kamfanin EMI a Ingila, wanda ya shigar da takardar mallakar fasahar sitiriyo, wato raba sauti hagu da dama, a 1931. Gidan rediyo da talabijin na Faransa ya fito da nasa salon mai suna ORTF: tazarar santimita 17 tsakanin kawunan biyu, kwatankwacin tazarar kunnuwan mutum, da kusurwar digiri 110. Ko wanne aka ɗauka, kada a auna ramin jita kai tsaye. Iskar da ke fita daga nan tana da kauri a wajen bugu 100 a daƙiƙa, sai sautin ya toshe kamar ana kiɗa a cikin tulu.

Hanya ta biyu ta fi daɗi a kunne, kuma ita ce ke yaudarar mutane. A sa makirufo ɗaya a wuya, ɗaya a bayan jaki, a ware su. A hedifon za ka ji jita ta buɗe, ta cika kai. Sai dai sauti tafiya yake yi, mita 343 a daƙiƙa idan zafi digiri 20 ne, kusan 355 a zafin digiri 40 na watan Afrilu a Katsina. Idan makirufo ɗaya ya fi ɗan'uwansa nisa da santimita 17 kacal, sautin zai riske shi a makare da rabin kashi ɗaya cikin dubu na daƙiƙa. Jinkirin ya yi ƙanƙantar da kunne ba zai ji shi kamar amsa-kuwwa ba, amma ga amon da ke bugu 1,000 a daƙiƙa, rabin zango ne cif. Ka tuna mata biyu suna lugude a turmi ɗaya: taɓaryar wannan tana sama, ta waccan tana ƙasa. A daka wannan shi ne gwaninta. A sauti kuwa, idan aka zuba biyun a lasifika ɗaya, turawar wannan ta ci karo da janyewar wancan, sai su kashe juna. Jitar da ta cika kai ɗazu ta koma siririya, kamar daga cikin gwangwani.

Wannan ba ƙaramar magana ba ce a wurinmu. Mai shayi a tasha, da tela a Babbar Kasuwa, da yarinyar da aka tura wa waƙa ta WhatsApp, akasari da lasifikar waya ko ƙaramar lasifikar Bluetooth suke saurare, inda hagu da dama ke haɗewa. A ganina duk ɗaukar da ba a gwada ta haka ba, ba a gama ta ba. Tun kafin makaɗi ya fara da gaske, a danna maɓallin mono, wanda ke haɗa hagu da dama, a saurara. In sautin ya rame, a matsar da makirufo ɗaya da faɗin yatsa biyu, a sake ji. Zare ma yana aiki: a riƙe bakinsa a fuskar jita, a auna da shi har nisan makirufo biyun ya zo daidai. Akwai ƙa'idar da ke cewa tazarar da ke tsakaninsu ta ninka nisansu daga jita sau 3, amma mafari ce kawai, kunne ne ke yanke hukunci.

Kayan kiɗanmu na tsirkiya sun fi jita ƙanƙanta. Gurmi, da garaya mai tsirkiya biyu, da molo mai uku, balle kuntigi irin na marigayi Ɗanmaraya Jos, duk ware makirufo ba ya ƙara musu komai sai rami a tsakiya, don haka XY ya fi dacewa da su. Kuma da yake mai gurmi yakan haɗa kiɗa da waƙa, sau da yawa gara a ba baki makirufo ɗaya, a ba gurmi ɗaya, a juya wa kowanne baya ga abin da ba nasa ba. Da hunturu a lura da fata da katako: bushewar iska tana ɗame fatar gurmi, tana iya tsaga fuskar jita, saboda haka a bar kayan su zauna a ɗakin na ɗan lokaci, a sake ɗaure tsirkiya kafin kowace ɗauka.