Maɓallin Ajiya a Hannun Ma'aikaci: Wa Ya Kamata Ya Danna?

Daren Juma'a 26 ga Satumba, 2025, gobara ta tashi daga batura a cibiyar adana bayanan gwamnatin Koriya ta Kudu da ke birnin Daejeon. Cikin abin da wutar ta cinye har da rumbun da ake kira G-Drive, wanda gwamnati ta gina wa ma'aikatanta don su riƙa zuba takardun aiki. Terabayit 858 ne a ciki, kuma babu kwafinsa a wani wuri daban, wai saboda girmansa ya yi yawa. Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne umarnin da aka ba ma'aikatan tun da farko, cewa su daina barin takardu a kwamfutocin teburinsu, su tura komai can. Wanda ya fi kowa biyayya shi ya fi kowa asara. Da aka tashi neman abin da za a ceto, sai aka koma tonon ragowar fayilolin da suka maƙale a kwamfutocin mutane, da saƙonnin imel, da takardun da aka buga aka jera a kabad.

Wannan labari ya dawo da ni kan gardamar da masu kula da kwamfutocin ofisoshi suka daɗe suna yi: shin a bar ma'aikaci ya fara ɗaukar kwafin ajiya, wanda 'yan aikin ke kira bakof, da hannunsa a lokacin da ya ga dama, ko kuwa wannan hurumin jami'in kwamfuta ne shi kaɗai? Alamu sun nuna ɓangaren farko ne ke yin nasara. Ni ma ina tare da su, amma da sharaɗi mai tsauri, kuma ina fargabar ofisoshi da yawa za su ɗauki saukin su watsar da sharaɗin.

Tsohon tsari an gina shi ne kan dare. Manhajoji irin su Amanda, wadda aka fara a Jami'ar Maryland ta Amurka, da Bacula, wadda Kern Sibbald ya fara a shekarar 2000, sun taso da tunanin cewa idan ma'aikata sun tashi, babbar kwamfutar ofis, wato saba, za ta bi kwamfutoci ɗaya bayan ɗaya ta kwashe abin da ya canza, kafin asuba an gama. Tsarin ya yi aiki shekaru da dama domin kwamfutar tana nan a kan teburi, a kunne, waya ɗaure a bayanta. Ba ta zuwa ko'ina.

Yanzu kuwa kwamfuta ta yi ƙafa. Wannan shi ne babban dalilin sauyin, sauran dalilan duk 'yan rakiya ne. Akanta ya gama haɗa lissafin ƙarshen wata da ƙarfe huɗu, ya rufe laftof, ya sa a jaka, ya nufi gida. Ƙarfe ɗaya na dare saba ta zo ta ƙwanƙwasa, ba kowa. Washegari yana reshen kamfani a wani gari, jibi yana taron bita, gata kuma yana aiki daga gida, al'adar da annobar korona ta 2020 ta kafa kuma ba ta tafi ba. Cikin mako guda mai yiwuwa laftof ɗin ta shiga netwok na ofis na awa biyu kacal, da rana tsaka, daidai lokacin da aka hana saba ɗaukar kwafi don kada ta rage wa mutane gudun aiki. A rahoton jami'in kwamfuta, wannan na'ura layi ɗaya ce mai launin ja cikin layuka hamsin. A wurin akanta, aikin wata guda ne ke yawo a bayan babur ba tare da na biyunsa ba.

A ofisoshinmu matsalar ta riga zuwan laftof. Dare a wurinmu lokacin kashe janareta ne. Ba mai ofishin da zai ƙona man dizal har asuba don saba ta yi hira da kwamfutocin da babu kowa a gabansu. Ko an sa sola da inbata, yawanci ana lissafa batirin ne don fitilar tsaro da firjin da ba a so ya narke. Saboda haka jadawalin da aka kwaso daga littafin manhaja, mai cewa ƙarfe biyu na dare, jadawali ne na ƙasar da wuta ba ta ƙiftawa. A nan lokacin da ake da wuta, da netwok, da kwamfutar a kunne, duka a tare, ɗan taƙi ne, kuma wanda ya fi kowa sanin ya zo shi ne mutumin da ke zaune a gaban allon. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Shi ya san cewa yau ya kammala takardar neman kwangila, gobe da sassafe zai hau mota. Jadawali bai san bambancin yau da ranar da bai taɓa komai ba.

Masu rubuta manhajoji sun gane haka tun da wuri. BackupPC, wadda Craig Barratt ya fitar a 2001, ta zo da shafin da ma'aikaci zai shiga da sunansa, ya ga kwamfutarsa kaɗai, ya danna a fara ɗaukar kwafi, cikakke ko na abin da ya canza kawai, ya kuma buɗe tsofaffin kwafi ya ciro fayil ɗin da ya goge bisa kuskure. Idan kwanaki suka shuɗe ba a samu ɗaukar kwafinsa ba, manhajar na aika masa imel ta tunatar da shi. UrBackup ta sa ɗan tambari a gefen agogon kwamfuta da ke yin irin wannan aiki. Ita ma Bacula tana da hanyar buɗe wa mutum ƙofa ƙarama, inda za a ƙayyade masa ayyukan da zai iya gani da umarnin da zai iya bayarwa. Daga ɗaya gefen kuma, Apple ta kawo Time Machine a 2007, Microsoft ta kawo File History tare da Windows 8 a 2012, mutane suka saba da cewa maido da fayil ɗin jiya abu ne da ake yi ba sai an cika fom ba. Wanda ya saba da haka a gida, da wuya ya yarda ya jira jami'in kwamfuta ya dawo daga hutu.

Ƙarancin ma'aikata ma ya taimaka. A ofis mai mutum arba'in, mai kula da kwamfuta sau da yawa mutum ɗaya ne, shi ne mai gyaran firinta, shi ne mai sayo data, wani lokaci ma ɗan kwangila ne da ke leƙowa sau ɗaya a mako. Duk abin da zai rage masa kira, maraba yake da shi.

Wani abu da ba a cika faɗa ba shi ne, ma'aikata ba su taɓa jiran izini ba. Hana su maɓallin ba ya hana su yin kwafi, sai dai ya kore su zuwa filash, da imel na ƙashin kansu, da tura fayil zuwa lambar WhatsApp ta matarsu ko ƙaninsu don ya zauna a can. Jerin sunayen marasa lafiya, albashin ma'aikata, lambobin asusun abokan ciniki, duk suna kwance a filash ɗin da ke rataye da makullin mota. Tun da aka sanya hannu kan Dokar Kare Bayanai ta Najeriya a watan Yunin 2023, irin wannan sakaci ya zama abin da hukuma za ta iya tuhumar ofis a kai, ba ma'aikacin kaɗai ba. Ofishin da ya ba mutum hanya halastacciya, mai sauri, wadda kwafin zai tafi sabar ofis, ya toshe wannan ɓaraka fiye da wanda ya liƙa takardar gargaɗi a bango.

Tarihin sana'ar ma yana da shaidu. A 1998, lokacin da kamfanin Pixar ke haɗa fim ɗin Toy Story 2, wani umarnin gogewa da aka bayar bisa kuskure ya share mafi yawan fayilolin fim ɗin, aka juya ga kwafin ajiya aka tarar ya lalace ba wanda ya lura. Abin da ya ceci aikin shi ne kwafin da Galyn Susman, ɗaya daga cikin manyan ma'aikatan fasaha, take da shi a kwamfutar gidanta, domin ta haihu tana aiki daga gida. Ranar 31 ga Janairu, 2017, wani injiniyan GitLab ya goge kusan gigabayit 300 daga babban rumbun bayanan kamfanin. Suna da hanyoyin ajiya kala-kala, amma da aka duba, mai gudana da kanta ta daɗe tana faɗuwa shiru, saƙon gargaɗinta kuma ba ya isa ga kowa. Kwafin da aka dogara da shi a ƙarshe shi ne wanda injiniya ya ɗauka da hannunsa kimanin awa shida kafin hatsarin, don wani aiki daban. Sun yi asarar bayanan awa shida maimakon na yini guda ko fiye. A duka biyun, kwafin da mutum ya yi saboda dalilinsa na lokacin shi ya rage a tsaye.

Masu adawa suna da hujja, ba zan ce babu ba. Idan mutum talatin suka danna maɓallin ƙarfe huɗu saura kwata, kowa na shirin tashi, netwok zai durƙushe. Wasu za su cika rumbun ofis da bidiyon biki da wa'azi da fina-finai. Wasu za su ɗauki cikakken kwafi sau biyar a rana don tsoro. Duk gaskiya ne, amma duk matsaloli ne na saiti. Ana ƙayyade adadin ayyukan da za su gudana lokaci guda, sauran su bi layi. Ana ware nau'in fayilolin da ba za a ɗauka ba. BackupPC ma ba ta ajiye fayil iri ɗaya sau biyu, ko da a kwamfutoci ashirin ya bayyana. Jami'in da ya ƙi buɗe ƙofar saboda waɗannan, aikin yini ɗaya yake gudu.

Haɗarin gaske guda biyu ne, kuma a kansu sharaɗina yake. Na farko, a rikita ikon farawa da ikon taɓa rumbun. Hanya mafi arha da ofisoshi ke bi ita ce a buɗe jaka a saba, a ce kowa ya riƙa jefa kayansa ciki. To duk inda ma'aikaci zai iya rubutu da gogewa, manhajar garkuwa da bayanai da ta shiga kwamfutarsa ita ma za ta iya, da sunansa da kalmar sirrinsa. Za ta kulle na teburi, ta bi waya ta kulle na ajiya, sannan ta nemi fansa. A ranar 27 ga Yuni, 2017, cutar NotPetya ta faɗa wa kamfanin jiragen ruwa na Maersk, ta rusa dubban kwamfutoci cikin ƙanƙanin lokaci, har da sabobi kimanin 150 masu riƙe da rajistar masu shiga netwok, waɗanda kowace aka ɗauka madadin 'yar'uwarta ce. Da yake duk a haɗe suke, tare suka mutu. Guda ɗaya ta tsira, a ofishinsu na Gana, saboda an ɗauke wuta kafin harin, ta fita daga netwok. Aka ɗauko faifanta ta jirgi zuwa Najeriya, wani ma'aikaci ya karɓa ya wuce da shi Landan. Kamfanin ya ƙiyasta asararsa tsakanin dala miliyan 250 zuwa 300. Ɗaukewar wuta ba tsari ba ce, amma ta nuna abin da tsari ya kamata ya tanada: kwafi ɗaya da hannun kwamfutar ma'aikaci ba ya kaiwa. Don haka maɓallin da nake goyon baya roƙo ne kawai. Ma'aikaci ya danna, saba ta zo da kanta ta kwasa, ta ajiye inda shi ba shi da ikon canzawa ko gogewa. Ya iya duba nasa, ya iya maido da nasa, ba na maƙwabcin teburinsa ba. Ba a ba kura ajiyar nama, kuma kwamfutar da ke buɗe kowane saƙon imel ba ta da tabbas ko a hannun mutumin kirki.

Na biyu ya fi ɓoyuwa, kuma shi na fi tsoro a ofisoshin da kuɗi ya yi ƙaranci. Da zarar an ba ma'aikata maɓalli, sai shugabanni su ji kamar an sauke nauyi. A kashe jadawalin, a daina duba rahoto, ranar da faifai ya mutu a kira sakatariya a tambaye ta me ya sa ba ta danna ba. Wannan zalunci ne, kuma kuskure ne na aiki. Mutum yana tuna ajiya ne ranar da ya ji tsoro, ba ranar da yake sauri ba, kuma ranakun sauri sun fi yawa. Jadawali dole ya ci gaba da gudana, ya kama duk kwamfutar da ta bayyana a netwok idan kwafinta ya tsufa, maɓallin ya zama ƙari a kansa. Jami'in kwamfuta shi zai ci gaba da amsa tambayar wace na'ura ce ta yi mako biyu ba a ɗauki kwafinta ba, shi zai fitar da kwafi ɗaya daga ginin kamar yadda ƙa'idar nan ta uku, biyu, ɗaya da mai ɗaukar hoto Peter Krogh ya yaɗa ta tanada, wato kwafi uku, a kan na'urori iri biyu, ɗaya a wani wuri daban. Rumbun Daejeon wannan na ƙarshen ya rasa.

Akwai riba ɗaya da ban ga ana lissafawa ba. Abin da ya kusa kashe Pixar da GitLab shi ne kwafin da ba wanda ya gwada buɗewa. Jami'i ɗaya ba zai iya gwada maido da fayilolin mutum arba'in kowane wata ba. Amma idan ma'aikata suna shiga da kansu suna ciro wasiƙar da suka goge jiya, ko tsohon jadawalin albashi na watan da ya wuce, to kullum akwai wanda ke gwada rumbun ba tare da an sa shi ba. Ranar da fayil ya ƙi buɗuwa, za a ji ƙorafi kafin azahar, a lokacin da ainihin fayil ɗin yana nan a kwamfutarsa ana iya sake ɗauka.